Dame ɗaya cikin goma

A Zabori, cikin jihar Doso, kusa da iyakar Najeriya, tsofaffin da suka ga yunwar 1984 ba su auna arzikin mutum da girman rumbunsa. Gidajen da suka ci tuwo daga hatsinsa suke ƙirgawa.

Shi ya sa da kaka, kafin a rufe rumbu, ana fidda zakka. Manomin da geronsa ya kai sa'i 300, in ruwan sama ya shayar da gonar, dame ɗaya cikin 10 yake bayarwa. Wanda ya sha wahalar ban ruwa da guga, ɗaya cikin 20. Makiyayi mai awaki 40, in shekara ta zagayo, ya ba da akuya ɗaya. Mai shanu 30, maraƙi.

Wasu sukan kai wa mai hali don neman suna. Zakka kuwa hakkin matalauci ce, da wanda bashi ya danne, da matafiyin da guzurinsa ya ƙare.