Yadda Netscape ya rasa kasuwar da shi ya buɗe

Duk wanda ya sayi sabuwar Tecno ko Itel mai Android a kasuwar Gidigir, ko ya aika aka sayo masa daga Damagaram, zai tarar da burauzar Chrome zaune a ciki tun kafin ya sa layin Airtel ko Moov. Ba shi ya zaɓa ba, kuma da wuya ya canza. Wannan ɗabi'a ta mai saye ita ce ta kashe Netscape, kamfanin Amurka da aka kafa a 1994, wanda burauzarsa Navigator ta fara kai jama'a da yawa intanet. A 1995 Microsoft ya fito da Internet Explorer, daga baya ya ɗinke shi cikin Windows kyauta, alhali Netscape da kuɗin sayar da manhajarsa yake rayuwa. Kamar mai rumfa ne da sarkin kasuwa ya kafa tasa a bakin ƙofa yana raba irin hajarsa ba ko dala.

Wasu na cewa Netscape ne ya kashe kansa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Navigator 4 ya yi nauyi, yana yawan tsayawa, kamfanin kuma ya ɓata shekaru yana sake rubuta shi daga tushe, sabon bai fito ba sai 2000. Sai dai Internet Explorer na farko ma ba abin yabo ba ne. Bambancin kawai Microsoft na da ribar Windows da zai ci gaba da gyara har ya yi kyau, Netscape kuwa kuskure ɗaya ya ishe shi. Gwamnatin Amurka ta maka Microsoft kotu a 1998, aka same shi da laifin danne abokan gasa, amma kafin hukuncin kamfanin AOL ya riga ya saye Netscape kan dala biliyan 4.2.

Kamfanin burauza Opera na ƙasar Norway kuwa ya tsira ne don ya bar filin da manya ke kokawa. Opera Mini yana matse shafi kafin ya iso waya, ya rage cin data, abin da mai ƙaramar salula a hanyar Gure zuwa Diffa ya fi buƙata. Da wayoyin Android suka yi araha, tsohon salon Microsoft ya dawo, har Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34 a 2018, ciki har da laifin tilasta wa masu ƙera waya sa Chrome.