Tashe da Faɗuwar Shay Carl: Nazari a kan Jarin Mutunci

Gabatarwa

Hausawa kan ce, mutunci madara ne, idan ya zube ba ya kwasuwa. Wannan maƙala za ta dubi gaskiyar wannan magana a rayuwar wani Ba'amurke mai suna Shay Butler, wanda aka fi sani da Shay Carl, ɗaya daga cikin mutanen farko da suka mayar da nuna rayuwarsu ta bidiyo a intanet sana'a.

Tashensa

An haifi Shay a shekarar 1980, ya kuma zauna a jihar Idaho. Kafin ya yi suna, ya yi aikin girka duwatsun teburin kicin, ya kuma taɓa aikin rediyo. A shekarar 2009 ne ya fara ɗaukar hoton gidansa kullum yana sakawa a YouTube, a wata tasha mai suna Shaytards. Abin da yake nunawa bai wuce harkokin yau da kullum ba, wato wasa da yara, da cin abinci, da raha da matarsa. To amma a nan ne sirrin yake, domin miliyoyin masu kallo sun ɗauke shi a matsayin magidanci nagari, mabiyin ɗariƙar Kirista ta Mormon, wadda ta haramta shan giya. Ke nan hajar da yake sayarwa ita ce yardar da jama'a suka yi da halinsa, masu talla kuma suna biyan kuɗi saboda wannan yarda.

Daga Ɗaukar Hoto Zuwa Kasuwanci

A wannan shekara ta 2009, shi da wasu abokansa suka kafa kamfanin Maker Studios a jihar Kalifoniya. Aikin kamfanin kamar na dillali ne: ya tara masu tashoshi, ya nemo musu talla, ya ba su kayan aiki, sa'an nan ya cire la'adarsa. Kamfanin ya bunƙasa har ya tara dubban tashoshi, a shekarar 2014 kuma kamfanin Disney ya saye shi a kan dala miliyan 500, tare da alkawarin ƙari idan ciniki ya yi kyau.

Faɗuwarsa

A watan Fabrairu na 2017 al'amura suka juya. Wata mata ta bayyana wasu saƙonnin batsa da ta ce shi ya aika mata, shi kuma ya fito ya amsa cewa shan giya ya fi ƙarfinsa, ya dakatar da aiki don neman magani. Da mawaƙi ne ko ɗan wasa, da wataƙila sana'arsa ta tsira, domin jama'a kan raba gwaninta da hali. Shi kuwa ba shi da wata haja ban da halin nasa. Ya dawo a 2018 ya nemi gafara, amma tashen farko bai dawo ba.

Shi ma kamfanin Maker bai wanye lafiya ba. Yawan tashoshi bai kawo ribar da aka zata ba, tun da YouTube na ɗaukar kasonsa, masu tashoshi su ɗauki nasu, abin da ya rage wa dillali kaɗan ne. A 2017 Disney ya sallami mafi yawan tashoshin, ya haɗe abin da ya saura da wani sashe nasa.

Kammalawa

A taƙaice, tarihin Shay Carl ya nuna cewa wanda ya kasa rayuwar gidansa a kasuwa ya ba 'yan kallo ikon yanke masa hukunci, kuma ya hana kansa asirin da kowane magidanci ke bukata don gyara kuskurensa cikin sutura. Wannan abin lura ne ga matasan da ke rububin wannan sana'a a yau.