Kura: Daga Karofi Zuwa Noman Rani

Garin Kura yana kan hanyar Zariya, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai daga birnin Kano. Kusancin ya sa wasu ke ɗaukarsa kamar unguwar bayan gari, inda ma'aikaci zai kwana ya yi sammako zuwa ofis. Wannan kallon bai yi wa garin adalci ba. Tun kafin a shimfiɗa kwalta, sunan Kura ya riga ya kai Agadas da can cikin Sahara, kuma rini ne ya kai shi.

Turkudi shi ne abin tinƙahon garin. Masaƙa su saƙo siraran ƙyallaye, maɗinka su harhaɗa, marina su yi ta tsomawa a ruwan baba har ya yi baƙi wuluk, sannan a kai wa mabuga. A wurin bugu ake zuba shuni a yi ta dukan zanen a kan gungume har ya riƙa sheƙi. Buzaye da Abzinawa ba su da rawanin da suke daraja kamarsa, ga shi yana zuba a fatar mai shi, su kuwa wannan zubar ita ce adon. A ƙasar Hausa ma, dattijon da ya naɗa ɗan Kura ranar Sallah ya gama kwalliya. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan cinikin ƙasar. Garuruwa irin su Kura ne suka ɗauki babban kaso na aikin, birni kuma ya kwashe sunan. Yadin kanti da rinin bature sun durƙusar da sana'ar, ko da yake har yau ba a rasa masu yi, kuma masu saye na zuwa daga Nijar.

Abin da ya sauya garin gaba ɗaya shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da fari ya gigita Arewa. An gina ta don riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Hikimar aikin ita ce babu inji a babbar hanyar ruwan: Tiga tana tudu, gonakin suna ƙasa, don haka ruwa gangarowa yake da ƙafarsa ta babbar magudana, ya rarrabu zuwa matsakaita, daga nan zuwa ƙanana, har ya shiga kwamin manomi. An tsara kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano a kan hekta 22,000, a yankin da yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga 1976, da aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kula da shi ya koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Alkama masu tsarin suka sa a gaba, musamman da gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987. Manomi kuwa lissafin aljihunsa ya bi. Alkama tana son sanyin hunturu, in aka makara da shuka ko zafi ya yi saurin shigowa sai ta yi ƙanƙo. Shinkafa ce ta ci gari. Yau wanda ya ratsa Kura zai ga shanya a bakin titi, hayaƙin masu turara, injinan casa na ruri, tireloli na lodi. Mata da yawa a cikin gidaje da turarar shinkafa suke aurar da 'ya'yansu, amma da wuya ka ji an ambace su in ana jawabin bunƙasar noma. Rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 ya ƙara wa kasuwar armashi, kuɗin hayar gona ma ya bi sahu, har ƙaramin manomi ya fara zama ɗan ƙwadago a ƙasar kakanninsa.

Labarin tumatur ya fi ɗaci. A kasuwar Kwanar Gafan, lokacin kaka, kwanduna ne iya ganinka, motocin Legas da Fatakwal na jira. Kowa ya shuka lokaci guda, ya nuna lokaci guda, ba wurin adanawa, dillali ya faɗi farashin da ya ga dama. Kamfanin tumatur na Dangote da ke Kadawa, wanda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana, ya fara aiki a 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki. Daga nan ya yi ta buɗewa yana rufewa, domin in tumatur ya yi tsada manomi kasuwa yake kaiwa, in ya faɗi ne yake tuna kamfani. A ganina laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Yarjejeniyar da ba ta da farashin da kowa zai iya rayuwa a kai ba ta ɗorewa.

Baƙon da ke neman wurin gani ana nuna masa tafkin Tiga, ko Bagauda, inda tsohon otal ɗin shaƙatawa ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi, ko tashar binciken noman rani ta Kadawa da ke ƙarƙashin cibiyar binciken noma ta Samaru. Ni da za a tambaye ni, magudanar kanta zan ce a je a gani, a kuma bi ta har wutsiya. A can ne laka da ciyawar kacala ke toshe hanya, na kusa da bakin ruwa ya sha ya yi ambaliya, na ƙarshe ya sayi fetur ya ja da injin. Shirin TRIMING, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara sassa da dama, ya kuma ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa alhakin yashe ƙananan magudanai da karɓar kuɗin ruwa. Nan ake samun tirjiya, don mutumin da ya saba ganin ruwa na gwamnati ne ba ya saurin zura hannu a aljihu. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, masunta da makiyaya suna da nasu ƙorafin: tun da aka datse kogin a Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar damina da ke cika musu tafkuna ta ragu, kacala kuma ta mamaye hanyoyin ruwansu.