Mizanin Auna Ƙwazon Rassan Ma'aikata



Mas'alarmu ta yau ta daɗe tana damun shugabannin ma'aikatu. Idan banki yana da rassa, wani a tsakiyar birni cike da ma'aikata, wani a ƙauye da mutum kaɗan, wannan ya fi tara ajiya, wancan ya fi ba da rance, da wane mizani za a ce wane ya fi wane ƙwazo ba tare da an zalunci kowa ba? Riba kaɗai ba ta isa hujja, domin sau da yawa albarkar wuri ce, ba himmar mutane ba.

A 1957 Michael Farrell, masanin tattalin arziki a Ingila, ya kawo ra'ayin a auna kowa da gwanayen takwarorinsa maimakon matsakaitansu. A 1978 kuma Abraham Charnes da William Cooper da Edward Rhodes suka mayar da ra'ayin ƙa'idar hisabi, wadda ake kira DEA, asalinta kuwa binciken Rhodes ne a kan makarantun 'ya'yan talakawa a Amurka, inda babu riba balle a yi awo da ita.

Ga inda hikimar take. Maimakon shugaba ya yanke da ra'ayinsa cewa rance ya fi ajiya daraja, sai kwamfuta ta zaɓa wa kowane reshe ma'aunin da ya fi yi masa sassauci, tsakanin abin da ya ci na kuɗi da ma'aikata da abin da ya samar, bisa sharaɗi guda: kada wani reshe, in an ɗora shi a kan wannan ma'auni, ya haura ɗari bisa ɗari. To, wanda aka yi wa wannan alfarma duka amma ya tsaya a 80, haƙiƙa uzurinsa ya yi rauni, ga shi kuma hisabin zai ambaci takwarorin da ya kamata ya yi koyi da su. A 1984 Rajiv Banker da Charnes da Cooper suka ƙara gyara, domin kada girman reshe ko ƙanƙantarsa ya zame masa laifi.

Sai dai mizanin ba ya sanin gaibu. In duk rassan ragwaye ne, mai dama-damarsu zai fito da ɗari. In an shigar da adadi na ƙarya, hukuncin ma ƙarya ne. Saboda haka, ya ku shugabanni, kafin ku hukunta manajan da sakamakonsa ya gaza, ku je reshen nasa ku ji ta bakinsa.