Jif Ta Alfarma: A Bincika Ƙarkonta Kafin A Biya Kuɗi

Kwanakin baya na kai tsohuwar motata gareji domin a canja mata burki, sai na tarar da wata baƙar jif a gindin darbejiya, ta gurfana a ƙasa kamar raƙumin da aka sauke wa kaya, cikinta ya kusa taɓa turɓaya. Ƙura ta lulluɓe gilasanta har yaran gareji sun yi rubutu a kai da yatsa. Na tambayi makanike labarinta, ya ce watanta huɗu a nan, kuma injinta lafiyarsa ƙalau. Abin da ya kwantar da ita jakunkunan iskar da ke ɗauke da ita ne suka tsage, famfon da ke hura su kuma ya ƙone. Mai ita wani dattijo ne da ya yi ritaya, ya zuba mafi yawan kuɗin sallamarsa ya saye ta, yanzu kuwa a keke mai ƙafa uku yake zuwa duba ta. Ba zan ambaci kamfanin da ya ƙera ta ba, domin irin wannan ciwo bai taƙaita ga kamfani ɗaya ba.

Mai karatu yana iya cewa ina ruwan ma'aikaci mai jiran albashi, ko ɗalibi mai neman kuɗin littafi, da zancen motar da kuɗinta ya fi na gida. Akwai ruwansu. Ma'aikatan gwamnati su ne ke rubuta takardun sayen motocin ofis da kuɗin jama'a, da yawansu kuma suna da burin mallakar irin wannan mota ko da ta hannu ce, ɗaliban yau kuwa su ne za su zauna a waɗannan kujeru gobe. Dattawanmu suna tune da shekarar 1975, sa'ad da aka biya kuɗin Udoji, aka kuma buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna. A zamanin nan 504 ita ce motar babban ma'aikaci, kuma da wuya ka shiga garin da babu makaniken da zai iya kwance ta ya mayar. Yau jif ce ta gaji wannan matsayi. A shekarar 2023, da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan motocin jif da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, hujjar da masu kare sayen suka fi kafawa ita ce lalacewar hanyoyinmu da ƙarkon motocin. Ashe ke nan maganar ƙarko ta shafi baitulmali, ba aljihun attajiri kaɗai ba.

Tarihin irin wannan mota bai yi tsawo ba. Galibi akan fara lissafinsa daga 1970, shekarar da kamfanin Rover na Ingila ya fito da Range Rover daga masana'antarsa ta Solihull. Wanda ya ga ta farkon zai yi mamaki, domin ƙofa biyu gare ta, kujerunta na leda ne, shimfiɗar ƙasanta ta roba, an yi ta ne yadda manomi zai iya watsa mata ruwa ya wanke laka. Mai ƙofa huɗu ba ta fito daga masana'antar ba sai 1981. Ƙarfinta kuwa ba a yi musunsa ba: a tseren farko na Faris zuwa Dakar, wanda aka kammala cikin 1979, wanda kuma ya ratsa ta Agadas da Yamai, Range Rover ce ta zo ta ɗaya a rukunin motoci, ta sake cinyewa a 1981. Daga baya ne aka yi ta ƙara mata kayan ƙawa, fata da katako da na'urori, har a 1992 aka sa mata jakunkunan iska a madadin sifirin na ƙarfe. Kamfanin ma ya sha sauya iyayengiji: BMW ta Jamus ta saye shi a 1994, Ford ta Amurka ta karɓa a 2000, sa'an nan Tata ta Indiya a 2008. A ɗaya ɓangaren akwai Toyota ta Japan, wadda ta raɗa wa motarta suna Land Cruiser tun 1954, ta kuma yi mata ado ta fito da ita da sunan Lexus LX a tsakiyar shekarun 1990. Mercedes tana da tata, G, tun 1979.

To, ƙarfi daban, ƙarko daban. Motar da za ta keta sahara cikin mako biyu da makanikai a bayanta ba lalle ne ta yi shekara goma tana kai yara makaranta ba tare da gardama ba. A Amurka akwai wani kamfani mai suna J.D. Power da ke tambayar dubban masu motoci kowace shekara irin matsalolin da suka gamu da su a motar da ta shekara uku a hannu, ya lissafa yawan matsala a kan kowace mota ɗari. A sakamakon 2023, Lexus ce ta fi kowa ƙarancin matsala da 133, matsakaicin dukan kamfanoni 186 ne, Land Rover kuwa ita ce ta ƙarshe da 273. Wannan tazara ba ƙarama ba ce, kuma wanda ke shirin sayen mota bai kamata ya kau da kai daga gare ta ba. Amma a lura da abu biyu. Lissafin yana ƙidaya allon rediyon da ya ƙi haɗuwa da wayar hannu a matsayin matsala ɗaya, kamar yadda yake ƙidaya giyar da ta ƙi shiga. Sa'an nan motocin da ake magana a kansu 'yan shekara uku ne, suna tafiya a kan titunan Amurka, suna shan man Amurka, dillalin kamfani yana kusa. Tamu kuwa sau da yawa takan iso ne bayan ta shekara goma.

Kada kuma a ɗauka cewa akwai kamfanin da ya tsira. Da Toyota ta fito da sabuwar Land Cruiser a 2021, ta ajiye tsohon injinta mai silinda takwas wanda makanikai suka saba da shi, ta koma mai silinda shida da turbo biyu. A 2024 kamfanin ya yi kiranyen motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da Lexus LX 600, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin injin tun daga masana'anta, wanda zai iya sa inji ya mutu ana cikin tafiya, daga bisani kuma ya ce zai canja musu inji kyauta. Abin lura a nan shi ne sunan da tsohon samfuri ya yi ba ya zama shaida ga sabo. Ni a ganina, wanda ba ya son zama zakaran gwajin dafi gara ya guji samfurin da ke shekararsa ta farko ko ta biyu, ya bari sai an gano aibinsa an gyara.

Me ya sa motar da ta fi tsada takan fi yawan laulayi? Dalilin bai da wuyar ganewa. Duk jin daɗin da aka ƙara, an ƙara wani abin da zai iya lalacewa. Ɗauki jakunkunan iskan nan. A ƙarƙashin kowace kusurwa ta motar akwai jakar roba cike da iska, akwai ƙaramin famfo mai lantarki da ke hura su, da siraran bututai, da ƙananan na'urori masu auna tsayin mota daga ƙasa, waɗanda makanikai ke kira sansa, da kwamfutar da ke sarrafa su duka. In suna lafiya, mutum zai bi hanya mai gargada kamar yana kan katifa, yana kuma iya ɗaga motar in zai tsallake rafi. Amma roba takan tsufa ta tsattsage. Da zarar jaka ɗaya ta fara yoyo, famfo zai yi ta aiki ba hutawa domin ya cike gurbin iskar da ke fita, har ya yi zafi ya ƙone, ciwo ɗaya ya zama biyu. Sifirin na ƙarfe kuwa ko ya gaji sai dai mota ta ɗan sunkuya, za ta kai ka gida. Manyan jif na Jamus da yawa suna da irin waɗannan jakunkuna, Lexus LX kuma tana da nata tsarin mai aiki da mai, shi ma in ya tsufa yakan ci kuɗi.

Haka zancen yake ga lantarki. Jif ta zamani tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa da ke magana da juna, batir ya ɗan yi sanyi sai fitilun gargaɗi su cika allo, wani lokaci motar ta ƙi wuce wani ɗan gudu don kare kanta. Wannan ba gyaran sifana da guduma ba ne. Sai an jona mata na'urar bincike wadda ta san harshen wannan kamfani, sai kuma an sami mai iya karanta abin da na'urar ta faɗa. Mun sha ganin makaniken da, don ya kashe fitilar da ta dame shi, yakan yanke waya ko ya cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji ya jefar, mai mota ya tafi yana godiya, bayan wata shida a dawo da ita a kan janwe.

Ƙasarmu ma tana da nata hukunci. A Sakkwato da Maiduguri zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma zafi shi ne babban abokin gaban roba da bututan ruwa na leda da ke kewaye da inji. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska tun kafin lokacin da littafin mota ya ƙayyade. Littafin nan da kansa yakan ware wani jadawali dabam domin motar da ke aiki a cikin ƙura da zafi da cunkoso, inda ake juye baƙin mai da wuri, kuma shi ne ya dace da mu, ba dogon wa'adin da aka yi wa Turai ba. Ga kuma batun mai. Injin zamani mai turbo ba ya haƙuri da gurɓataccen fetur kamar yadda 504 take yi, kuma ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka lalace, aka yi makonni ana layi.

Yawancin masu sayen jif a nan ba sabuwa suke saya ba, ta hannu ce, wadda ake kira tokumbo ko 'yar Kwatano, kuma a nan ne hatsarin ya fi yawa. Da yawa daga cikinsu a kasuwar gwanjon kamfanonin inshora na Amurka aka saye su, watau motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta nutsar da su, inshora ta ga gyaransu bai biya ba. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta lalata dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas. Motar da ta sha ruwa ana iya wanke ta ta yi ƙyalli, ta tashi da bugu ɗaya, amma tsatsa tana nan tana cin mahaɗan wayoyinta a hankali, ciwon ba zai bayyana ba sai kuɗi sun daɗe da sauya hannu. Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba. Da wannan lamba, a kan kuɗi kaɗan, ana iya neman tarihin motar Amurka ta intanet, a ga ko ta taɓa hatsari, a ga nisan da ta yi kafin wani ya mai da agogonta baya. Dillalin da ya yi nauyin baki wajen ba da lambar nan, ya riga ya ba ka amsa.

Saura maganar kuɗi. Jif ta alfarma tana saurin faɗuwa a kasuwa, shi ya sa ta shekara goma takan zo daidai aljihun darakta, amma kayan gyaranta ba sa faɗuwa tare da ita, farashinsu na motar attajiri ne har gobe, kuma da kuɗin waje ake sayo su. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki naira a tsakiyar shekarar, cikin 2024 ta haura 1,500. Kayan gyara na dala 1,000 ke nan ya tashi daga wajen naira 460,000 ya koma sama da miliyan ɗaya da rabi, ban da dako da kwastan. An kuma janye tallafin fetur tun 29 ga Mayu, 2023, ga shi kuwa babbar jif ba ta san tsimin mai ba. Land Cruiser da 'yan uwanta sun fi riƙe darajarsu in an tashi sayarwa, sai dai don haka ɗin ne ma ta hannunsu take tsada tun wajen saye, watau ana biyan kuɗin kwanciyar hankalin tun a gaba.

Ba cewa nake kada kowa ya sayi motar da ransa ke so ba. Wanda ya taɓa zama a cikin Range Rover a doguwar tafiya ya san abin da masu ita suke biya, kuma mai hali, mai mota ta biyu a gida, mai zama kusa da ƙwararren gareji a Abuja ko Legas, yana iya ɗaukar wannan nauyi da sani. Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai mota ɗaya, da kuma ofishin da zai tura motarsa ƙaramar hukuma mai nisa. Su kam kafin su je wurin dillali, ya kamata su fara zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, su tambayi kuɗin jakar iska da famfonta da fitilar gaba na wannan samfuri, su ji ko akwai su a ƙasa ko sai an aika. Su je da makaniken da su suka zaɓa, ba na mai sayarwa ba, ya jona na'ura, ya ɗaga shimfiɗa ya duba laka da tsatsa. In da hali a bar motar ta kwana a wuri ɗaya a kashe, da safe a duba ko wata kusurwa ta sauka, a kuma tashe ta inji na sanyi a saurari ƙararsa.

Da na koma karɓar motata, na tarar an ɗaga baƙar jif ɗin a kan jak. Makanike ya ce dattijon ya haƙura da jiran kaya daga waje, ya amince a cire jakunkunan gaba ɗaya a sa mata sifirin na ƙarfe, a kan abin da bai kai rabin kuɗin ba. Za ta rasa laushin nan da aka saye ta dominsa, ba kuma za ta ƙara ɗagawa ko sauka ba, amma ya ce ran Juma'a za ta fita.