Yusuf Khan: Jarumin da ya yi suna da sunan da ba nasa ba

Idan magariba ta kawo jiki a Masaka, ma'aikatan da suka sha cunkoson hanyar Abuja zuwa Keffi kan ratse shagon masu tura fina-finai a waya. Matasa fassarar Algaita suke nema. Amma dattijon da ya ga zamanin sinimar Rex da Palace da El Dorado a Kano, lokacin da 'yan kasuwa Kwarori ke shigo da fina-finan Indiya, ba zai rasa ambaton Dilip Kumar ba.

Ba da wannan suna aka raɗa masa ba. Muhammad Yusuf Khan aka haifa a Peshawar ranar 11 ga Disamba, 1922, ɗa ga wani mai fataucin 'ya'yan itace. Da Devika Rani, shugabar kamfanin Bombay Talkies, ta ɗauke shi a fim ɗin Jwar Bhata na 1944, sai aka laƙaba masa sabon suna. Daga baya ya bayyana cewa tsoron fushin mahaifinsa, wanda ba ya ƙaunar sana'ar fim, na cikin abin da ya sa ya amince. Bayan shekara uku aka raba Indiya, garin haihuwarsa ya faɗa cikin Pakistan.

Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne natsuwa. A zamanin da jarumai ke ɗaga murya da wurga hannuwa, shi da sassauta harshe da dogon shiru yake karya zuciyar mai kallo. Devdas na 1955 ya tabbatar masa da laƙabin sarkin baƙin ciki, har damuwa ta kama shi, likita ya shawarce shi ya koma ga wasannin raha. Sai ga Mughal-e-Azam a 1960, da Ganga Jamuna a 1961. Sau takwas ya lashe kambun gwarzon jarumi na Filmfare.

Jarrabawarsa mafi girma ba a gaban kyamara ta zo ba. A 1998 Pakistan ta karrama shi da lambar Nishan-e-Imtiaz. Da yaƙin Kargil ya ɓarke a 1999, jam'iyyar Shiv Sena ta matsa masa lamba ya mayar da ita, domin ya nuna kishin ƙasa. Ya gana da Firaminista Atal Bihari Vajpayee, ya kuma riƙe lambarsa. Shekara na zagayowa ya shiga majalisar dattawan Indiya, inda ya zauna har 2006.

Wannan ba baƙon labari ba ne ga ma'aikacin da aka haifa a wata jiha, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bauta wa ƙasa a wata, amma har gobe ana tambayarsa takardar shaidar ɗan asali. Yusuf Khan ya yi fiye da shekara hamsin yana faranta wa Indiya rai, duk da haka aka wayi gari ana neman ya tabbatar da cewa shi nata ne.

Ya rasu a Mumbai ranar 7 ga Yuli, 2021, yana da shekara 98. An lulluɓe gawarsa da tutar Indiya, aka kai shi maƙabartar Musulmi ta Juhu. A Peshawar kuma, a kusa da gidan da aka haife shi, jama'a suka yi masa sallar ga'ib.