Tsohuwar rigar soja da ta fi sabuwa tsada

A Ingila, masu tara kayan tarihi na rububin Denison, rigar sojojin laimar Birtaniya mai dabbare-dabbare ta Yaƙin Duniya na Biyu. Na farko-farkon da hannu aka shafa musu launi, shi ya sa kowace da irin zanenta.

Yaya ake gane ta asali? A duba ƙyallen da aka ɗinka daga ciki, mai ɗauke da sunan kamfani, shekara da alamar kibiya ta gwamnati. In babu shi, ko an canza zif, daraja ta ragu. Samfurin DPM, wanda aka fara sauyawa a 2010, yana da yawa, don haka araha ne.

Sai dai ɗalibai a kula: a Nijeriya doka ta hana farar hula sanya kakin soja.